Katifar da Baba Ya Ɗinka

A gidanmu ba mu taɓa buƙatar agogo mai ƙararrawa ba, atishawar Mama ce ke tashinmu. Tana buɗe ido take farawa, ɗaya na bin ɗaya, ni da ƙanwata Auta muna kwance a ɗakinmu muna ƙirgawa ta bango. Wadda ta cinki adadin daidai ita ke fara shiga banɗaki. Ba mu san mugunta muke yi ba. Mun taso mun tarar da ita haka, ido ja, hanci a toshe, hankici a soke a ƙugu, sai muka ɗauka haka iyaye mata suke da safe.

Baba mai katifa ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da fenti. Ba ya cikin masu saro katifar soso daga kamfani, da hannunsa yake yin tasa. Ya sayi auduga buhu-buhu, ya buge ta har ta tashi, ya ɗura ta a yadi mai kauri, sannan ya bi da basilla yana dasa maɓallai layi-layi. Yakan ce soso na masu gaggawa ne, shekara biyar ya lotsa. Wadda ya fi alfahari da ita kuwa ita ce ta ɗakinsu, da ya ɗinka kafin aurensu. Mutum huɗu suka ɗauko ta suka shigar da ita, kuma tun da ta hau gadon nan ba ta sake ganin rana ba, don ba mai iya ɗaga ta. Duk baƙon da ya zo sai Baba ya kai shi ƙofar ɗaki ya ce ya danna da hannunsa ya ji.

Mama a gidan burodi take aiki tun tana budurwa. Waɗanda suka san ta a lokacin sun ce ba ta duba agogo, da hanci take sanin burodi ya gasu. A shekarar farko ta aure murar ta kama ta. Kowa ya ce fulawa ce. Mai gidan burodin ya ɗauke ta daga wurin kwaɓi ya mai da ita wurin naɗe burodi a leda. Ta yi shekaru a nan tana juya baya in atishawa ta zo. Ina shekara biyar wata rana ta kasa juyawa da wuri, ta yi a kan faranti gaban mai saye. Mai gidan burodin ya kira ta gefe ya ce ta je gida ta huta, in ta warke ta dawo. Ba ta warke ba, shi ma bai aiko ba. Ta bar fulawa, mura ba ta bar ta ba, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Gwaggo ce ta kawo dalilin. Yayar Baba ce, gidanta layi biyu da namu, kusan kullum sai ta leƙo. Ita ta raɗa wa Mama suna Amaryar Mura, kuma haka ta ci gaba da kiranta har Mama ta yi furfura. Gwaggo ta lura da abin da kowa ya lura da shi: duk lokacin da Mama ta je wurin ƙanwarta ta yi mako guda, sai ta dawo da ido fari tas, bayan kwana uku kuma a koma gidan jiya.

"A gidan 'yar'uwarta lafiyarta ƙalau," in ji Gwaggo, tana zaune a falonmu tana shan shayin da Mama ta haɗa mata. "Tana tako ƙofar ƙanena sai hawaye da majina. Wannan ba ciwon hanci ba ne. Gidan ne ba ta so, bakinta ya ƙi faɗa, jikinta yana faɗa."

Maganar nan ta zauna wa Baba a rai. A shekarun farko, in ji Mama, yakan sayo mata maganin mura kala-kala. Daga baya ya daina. In ta fara da safe sai ya ja tsaki ya juya wa bango fuska, ko ya ce, "Ke dai ba kya rabo da abu." Hancinta ya daina jin ƙamshi gaba ɗaya. Miya ta kama a tukunya tana tsaye a kanta ba ta sani ba. Gishiri yau ya yi yawa, gobe babu. Baba ya ture kwano ya sa takalmi ya tafi gidan Gwaggo cin abinci, ya dawo da sabuwar magana a kunne.

Ni ma na sa nawa hannun. Ina aji biyar aka kira iyaye taro a makaranta. Na shigo na tarar da Mama tana goge kayan da za ta sa. Na tuna yadda take jan hanci a cikin mutane, na ce, "Mama, Baba kaɗai ma ya isa." Ta dube ni da jajayen idanun nan, ta ce, "To." Ta kashe dutsen guga ta ninke kayan.

Na girma, na yi aure, na samu aikin gyaran ɗakuna a wani otal, har na zama mai kula da hawa na uku. Wata safiya wata baƙuwa da ta zo taro ta kira ni ɗakinta. Ta fito da wata farar rigar filo mai zif daga jakarta, ta ce don Allah a sa wa filon kafin a sa tamu a sama, kuma kada a cire sai ta tafi. Na ce filonmu a wanke yake. Ta yi dariya ta ce ba datti take gudu ba. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zaune a cikin filo da katifa, jikinta ba ya shiri da su.

"In na kwana ba wannan rigar," ta ce, "da safe ba za ki gane ni ba. Atishawa ba tsayawa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, hanci ya toshe. Sai rana ta ɗaga nake dawowa mutum."

Na tsaya riƙe da filon, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da ta tambaye ni ko lafiya.

Ranar hutuna na je na ce wa Mama ta shirya mu je asibiti. Baba na ɗaura agogonsa zai fita shago.

"Mura ma sai an kai ta gaban babban likita?" ya ce.

"Gwaji kawai za a yi, Baba."

"Ku dai kuna da lokaci."

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta sa Mama ta miƙe hannu, ta ɗiga mata ruwan magani wuri takwas a jere, ta ɗan tsira kowanne da bakin allura, ta ce mu jira. Kafin minti ashirin guda ɗaya ya kumbura ya yi kamar ƙwayar wake, sauran ko alama. Wanda aka rubuta fulawa a gefensa lafiya lau yake.

"Mama, katifar da kike kwana a kai ta shekara nawa?" likitar ta tambaya.

"Ashirin da tara."

Likitar ta ajiye biro. Ta yi mana bayani a hankali, ta ce wurin da ya kumbura na ƙwarin katifa ne. Ƙwarin ba cizo suke yi ba, ɓurɓushin fatar mutum suke ci, kashinsu ne mutum ke shaƙa yana barci. Suna nan a kowane gida, amma tsohuwar katifa mai kauri ita ce gidansu na gado. Yawancin mutane ba ruwansu, wasu kuma jikinsu na tayar da hankali. Ta ce in da hali a canza katifar. In babu, a sa mata riga mai saƙa matsattsiya da ke rufewa da zif, ita da filo duka, a riƙa wanke zanin gado da ruwa mai zafi duk mako. Ta rubuta maganin fesawa a hanci. Ta ce ba kowa ne rigar kaɗai ke wadatarwa ba, amma a haɗa su a gani.

Muka hau mota. Mama tana ta kallon kumburin hannunta. Sai da muka kusa sauka ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe ba ni ba ce."

Canza katifar ba maganar da za a kai wa Baba ba ce, mu duka mun sani. Na auna ta da tef, na ba mutumin da ke kawo wa otal ɗinmu zannuwa awon ya sa a ɗinka mata riga, don kaurinta ya wuce na kanti. Da rigar ta iso muka jira Baba ya fita. Ni da Auta da mijinta da wani maƙwabci muka ɗaga katifar. Ƙurar da ta tashi sai da muka kori Mama waje. Muka zura rigar da ƙyar, muka ja zif har ƙarshe, muka shimfiɗa zanin gado a kai. Ba mai cewa an taɓa komai.

Kwana goma sha biyu bayan nan wayata ta yi ƙara ina kan hanyar aiki. Lambar Mama ce, amma muryar wata mata ce, siririya, a wanke.

"Wa ke magana?" na ce.

"Uwarki."

Ban taɓa jin muryar mahaifiyata da hanci a buɗe ba. Ta ce ta tashi ta yi atishawa biyu kacal, ta zauna tana jiran sauran, ba su zo ba. Ta ce ta rasa abin da za ta yi da safiyar, sai ta share gidan sau biyu.

Baba ya yi mako uku yana kwana a kan rigar bai sani ba. Bai kuma ce komai a kan shirun safiya ba, ko ya lura ko bai lura ba, Allah masani. Ranar da ya gani ina gidan. Mama ta yaye zanin za ta wanke, shi kuma ya dawo ɗaukar makullin da ya manta. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon farin abu shimfiɗe a gadonsa.

"Wa ya mutu aka yi wa katifata likkafani?"

Na ɗauko takardar likita na fara bayani. Ya saurara har na zo kan ƙwari.

"Dakata. Ƙwari a cikin aikina?"

"Baba, kowace katifa tana da su. Ba laifin ɗinki ba ne."

"Audugar nan da hannuna na tsince ta. Shekara talatin ina kwana a kai, ko tari na taɓa yi? Likitar taku ta taɓa riƙe basilla?" Ya juya ga Mama. "Ke kuma kin samu abin da kike nema. Da gidan ne, yanzu katifa ce. In unguwa ta ji matar mai katifa ta rufe ta mijinta saboda ƙwari, wa zai sake tako shagona?"

"Malam," Mama ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "mako uku ke nan ina numfashi. Ka bar min ita."

Ya yi ƙoƙarin zare rigar, katifar ta fi ƙarfinsa. Ya fita, muka ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo da babban almakashinsa na yanka yadi. Ya fara daga kusurwa ya tafi har ɗaya kusurwar, a miƙe, kamar yana yanka wa mai saye. Ya tattara farin yadin ya jefa a ɗakin ajiya, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Mama ta kwana huɗu a kan katifar tsirara. Rana ta biyar idanunta sun koma yadda na san su. Ta kira ni ta ce in samo mata ƙaramar riga daidai gadonmu na da. Na kawo. Ta kwashe kayanta kaɗan ta koma ɗakin da muka tashi a ciki, ta cire labule mai nauyi da tsohon kafet, ta bar ɗakin fayau. Gwaggo na jin labari ta zo.

"To, yau dai ta fito fili," ta ce wa Baba, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaka. "Ni na daɗe da faɗa."

Wata bakwai aka yi a haka. Mama na samun sauƙi, Baba na cin abincinsa shiru. A cikin watannin ne muka koma asibiti saboda hancin ya buɗe amma ƙamshi bai dawo ba. Likitar ta haska ta ce daɗewar kumburi ta sa nama ya tsiro a ciki. Aka yi mata ɗan aiki aka cire. Ta dawo tana jin hayaƙi da fetur da warin kwata. Abu mai daɗi kuwa sai ta kai shi dab da hanci, shi ma wani lokaci. Likitar ta ce da an zo da wuri da ba haka ba. Mama ta ce, "Haka ne," kamar ita ce ta makara.

A hanyar dawowa daga wannan aikin na ba ta haƙuri kan taron makaranta. Na ɗauka ta manta.

"Atamfa mai ruwan ganye ce na goge," ta ce. "Ke yarinya ce a lokacin."

Ban iya tambayarta ba: to, waɗanda ba yara ba fa?

Abin da ya juya Baba ba mu ba ne. Wani mutum ne ya shiga shagonsa da takardar asibiti yana neman rigar katifa saboda 'yarsa. Baba ya ce babu. Bayan mako biyu wata mata ta zo da irin wannan buƙata. Sannan ya ji shagon soso na ƙasan layi, wanda ya fi tsana a duniya, ya fara kawo su. Auta ta ce ta gan shi wata ranar hutu ya fito da yankakken yadin daga ɗakin ajiya, ya shimfiɗa a tsakar gida, ya sa tabarau yana bin ɗinkin da yatsa, yana ɗaga shi ga rana don ya ga matsin saƙar. Cikin wata guda ya samo dillalin yadin, ya fara ɗinka rigunan da kansa. Tasa ta fi wadda na sayo kyau, gaskiya ce, don har ɗan murfi ya yi wa bakin zif ɗin.

Na biya shagon wata yamma na tarar da shi da masu saye biyu, mata da miji. Bai gan ni ba.

"Ni da kaina na ga aikinta a gidana," yake ce musu. "Maiɗakina shekara kusan talatin tana fama, ba inda ban kai ta ba. Sai da na zauna na yi nazari, na ce abin nan daga shimfiɗa yake. Yanzu ku je ku gan ta, kamar ba ita ba."

Matar ta ce Allah ya saka masa, ba kowane namiji ke kula haka ba. Suka ɗauki biyu suka tafi.

"Baba," na ce, "da almakashi fa ka yanka ta. Ina tsaye."

Ya ci gaba da ninke yadi. "Kasuwa ce, 'yar nan. Ƙarya na yi? Ba ta warke ba?"

A makon ya ɗauki ma'aikata suka ɗaga babbar katifar, ya sa mata riga ɗinkin hannunsa. Bai yi wa Mama magana ba, Auta ya aika ta gaya mata an gyara gado, tana iya komawa ɗakinta. Mama ta ce a ce masa ta gode, inda take ya ishe ta.

Gwaggo ta zo bayan wata biyu, jikarta ce ta fara tashi da toshewar hanci, likita ya rubuta musu irin takardar. Shago a rufe yake ranar, sai ta biyo gida, don Baba na ajiye wasu a falo. Shi ba ya nan. Mama ce ta tambayi girman gadon, ta zaɓo daidai, ta nuna mata yadda ake rufe zif ɗin har ƙarshe, ta ce kada a manta da filo da ruwan zafi.

Gwaggo ta juya rigar a hannunta. "Ikon Allah. Ɗan wannan yadin." Ta dubi Mama sama da ƙasa. "Ke ma dai da zurfin ciki. Ai da kin faɗa ciwo ne tun farko, da ba a kai haka ba."

"Na faɗa, Yaya."

"To ba ki faɗa yadda za a ji ba."

Na buɗe baki, Mama ta ɗaga min hannu. Ta sa rigar a leda, ta ƙulle bakin, ta raka Gwaggo har ƙofar gida, ta ce a gaida yarinyar da jiki. Da ta dawo ta zauna a kujera ta daɗe tana kallon hannayenta.

Shekarunta hamsin da uku yanzu. Tana nan a ƙaramin ɗakin, Baba na nan a babban, suna gaisawa da safe kamar maƙwabta masu mutunci. Cinikin rigar ya fi na katifa a shagon, har ya ɗauki tela na biyu. Auta ta sha ce wa Mama ta zo ta zauna wurinta, ni ma na ce, ta ce gidan nan nata ne kamar yadda yake nasa, ba ta ga dalilin da zai sa ita ce za ta fita ba. Tana kwana lafiya, tana tashi da sassafe idonta garau. Ta yi wanka, ta sa kaya masu kyau, ta ɗauko kujera ta zauna a baranda tana kallon masu tafiya aiki har titi ya yi shiru.